Haƙurin Gawo da Haƙurin Ɗan Adam

Akwai wata magana da muke yawan ji a zaure da bakin masallaci duk lokacin da damina ta yi gardama: "Sai haƙuri, haka ƙasarmu take." Maganar gaskiya ce, amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: wane irin haƙuri muke nufi? Na wanda ya naɗe hannu, ko na wanda ya san wurinsa ya shirya masa?

Allah bai yi duniya iri guda ba. A kurmin Kwango da na Amazon ruwan sama yakan wuce milimita 2000 a shekara, itatuwa suna rige-rigen tsawo don su sami rana. A ƙarshen arewacin duniya ƙasa daskararriya ce, itace ba ya iya kafa saiwa, sai gansakuka da gajerun tsirrai. Mu kuwa muna tsakanin daji da hamada: Maraɗi takan sami wajen milimita 500, Agadas ba ta cika kai 200 ba. Kowane wuri da nasa mazauna, kuma kowane mazauni da kayan zamansa. Yanyawar hamada tana da manyan kunnuwa masu fitar da zafin jiki, ƴar'uwarta ta ƙasar ƙanƙara kuwa ƙananan kunnuwa gare ta da gashi mai kauri, don kada ɗumi ya tsere mata.

Mu dubi na kusa da mu. Tozon raƙumi kitse ne, guzurin ranar yunwa. Jikinsa yakan bar zafi ya hau da rana ya sauka da dare, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi, in kuma ya isa rijiya yana iya shan wajen lita 100 a tashi guda. Gaiwa, in tabki ya soma ƙafewa, takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana numfashi da huhu har ruwa ya dawo. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki, da rani ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, domin saiwarsa tana sha daga ƙarƙashin ƙasa. Babu ɗaya cikinsu da ya zauna jiran hamada ta zama kurmi. Haƙurinsu duka shiri ne da tanadi.

Wani zai ce: ai dabba da itace ba su zaɓa ba, haka aka halicce su, ina ruwan mutum da darasinsu? Gaskiya ne ba su zaɓa ba, kuma nan ne nauyin yake faɗowa kanmu. Ba a ba mu tozo ba, ba a ba mu doguwar saiwa ba, hankali aka ba mu a madadinsu, shi kuwa hankali amana ce da za a tambaye mu a kanta. Raƙumi ba zai iya ɓata makiyayarsa da gangan ba, mu muna iyawa. Itacen nan na Tenere, wanda saiwarsa ta bi ruwa fiye da mita 30, ya jure wa hamada shekaru masu yawa shi kaɗai, amma mota ce ta kayar da shi a 1973. Yau gawarsa tana gidan tarihi na Yamai.

Mun ga duka fuskokin biyu da idonmu. Akwai zamanin da manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, bai bar ko kututture ba. Iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, fari na 1973 da na 1984 suka same mu tsirara. Daga baya manoman Maraɗi da Damagaram suka koma ga sassaben zamani: su bar tohon da ke fitowa daga kututturen sabara da kalgo da gawo, su zaɓi masu ƙarfi, su datse saura. Ba a kawo iri daga waje ba, saiwoyin suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa suna jiran a ƙyale su. An ƙiyasta cewa ta haka kusan hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa a Nijar.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To, amma sai ya nemo itace ya hura wuta tukuna. Saboda haka, ƴan'uwa, kafin mu ɗora gatari a kan gawon gonarmu don kuɗin kasuwa guda, mu tuna da geron baɗi da awakin rani da jikokin da za su gaji gonar. Wanda ya bar toho ya girma, sa'an nan ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa, shi ne mai haƙuri na gaskiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu riƙe amanar ƙasarmu. Amin.