Sunan da Aka Samu da Ɗingishi

Hausawa sukan ce suna linzami ne. To, sunan da mutum ya gada daga kakanninsa, wanda bai zaɓa ba, bai kuma sha wahalar samunsa ba, wane hakki yake ɗora masa? Bari mu auna wannan tambaya da wani sunan zuriya wanda masu amsa shi kaɗan ne a duniya, wato Disraeli.

An san sunan ne ta wurin Benjamin Disraeli, wanda ya zama firayim ministan Birtaniya sau biyu, a 1868, sa'an nan daga 1874 zuwa 1880. Kakansa Bayahude ne, ɗan kasuwa daga garin Cento a Italiya, wanda ya zo Landan a 1748. Sunan gidansu Israeli, wato Ba'isra'ile. Aka sa masa harafin D a gaba, wanda a bakin Italiyawa yake nufin "na", ya zama D'Israeli, "na Isra'ila". Jikan ne ya haɗe shi ya zama kalma guda.

Tushen sunan kuwa yana cikin Littafin Farawa, sura 32. Yakubu yana komawa gida bayan shekara ashirin a wurin Laban, sai ya ji Isuwa, ɗan'uwansa wanda ya cuta, yana tahowa da mutum ɗari huɗu. Ya haye da iyalinsa rafin Yabbok, ya saura shi kaɗai. A daren nan wani ya yi kokawa da shi har gabannin asuba, ya gurɗe masa kwatangwalo, amma Yakubu ya ƙi sakinsa sai ya sa masa albarka. Sai aka tambaye shi sunansa. Mu tuna, a dā mahaifinsa Ishaku, wanda idanunsa suka dushe, ya yi masa irin wannan tambaya, ya kuwa amsa da sunan Isuwa, yana sanye da tufafin Isuwa. A wannan karo ya faɗi gaskiya: shi Yakubu ne, mai riƙe diddige, mai ƙwace. Bayan wannan furci ne aka ba shi sabon suna, Isra'ila, gama ya yi kokawa da Allah da mutane, ya kuwa rinjaya. Rana ta fito masa yana ɗingishi.

Wannan ne sunan da ya bi ta tsararraki masu yawa har ya iso kan yaron nan na Landan. Mahaifinsa, Isaac, ya sami saɓani da dattawan majami'arsu, ya bar ta, ya sa aka yi wa 'ya'yansa baftisma a 1817, Benjamin yana da shekara goma sha biyu. Baftismar ta buɗe masa ƙofar Majalisar Dokoki a 1837, gama kafin 1858 rantsuwar shiga majalisa ta Kirista ce, Bayahude mai riƙe da addininsa ba ya iya yinta. Da ya so, da ya yar da sunan da ke tona asalinsa. Bai yar ba, ko da yake abokan hamayya sun yi ta yi masa gori da shi. A 1847 ya miƙe a majalisa ya goyi bayan a cire wa Yahudawa wannan shinge, alhali yawancin jam'iyyarsa suna gāba da haka. Hujjarsa ita ce, ta wurin Yahudawa ne Kirista suka karɓi Littattafai da Ubangijinsu. A nan ya cancanci yabo.

Amma akwai wani gefe. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1848, ya rubuta cewa kakanninsu mutanen Sifen ne da tsanani ya kora zuwa Benis, inda suka zaɓa wa kansu wannan suna. Masana tarihi da suka bi diddigi ba su sami shaidar haka ba. Abin da suka samu shi ne gidan ƙananan 'yan kasuwa a Cento. Mutumin da bai ji kunyar sunansa ba, ga shi bai gamsu da shi ba sai da ya ɗinka masa rigar ado.

Ya ku ƙaunatattu, jarabobi biyun nan suna tare da mu. Wasunmu sun san yadda fuskar mai karɓar takardar neman aiki takan canja sa'ad da ya karanta Bulus ko Rifkatu, har zuciya ta raya musu su taƙaita sunan ko su ɓoye shi. Wasu kuma suna tinƙaho da cewa kakansu ne ya fara karɓar bishara a ƙauyensu, kamar bangaskiya gona ce da ake rabawa a gado. Mai ɓoyewa da mai ƙawatawa duk sun sa tufafin Isuwa, suna neman albarka da sunan da ba nasu ba. Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗi masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana da iko ya tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu. Manzo Bulus kuma, a Romawa sura 9, ya nuna cewa fitowa daga zuriyar Isra'ila ba ita ke mai da mutum Isra'ila na ainihi ba.

Hakkin da sunan gado yake ɗora mana ke nan: mu amsa shi a fili ko da zai jawo mana hasara, mu kuma faɗi gaskiya a kansa ko da ba ta da ƙyalli. Uba yana iya bar wa ɗansa suna, amma daren Yabbok kowa shi kaɗai yake shiga. Sunan Kirista, wanda aka fara kiran almajirai da shi a Antakiya, haka yake. Iyayenmu sun ba mu shi, amma ba za su tuba a madadinmu ba.

Ya Ubangiji, sa'ad da ka tambaye mu sunanmu, ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi na gaskiya. Kada ka bar mu mu sake ka sai ka sa mana albarka, ko da za mu tashi da ɗingishi. Amin.