Sallamar Mai Ɗaukar Hoto

Tun da wayar salula ta sami ido, ɗaukar hoton wuraren tarihi ya daina zama aikin Turawa masu yawon buɗe ido. Ɗalibin da ya tashi daga Gabi ko Madarunfa, ya ƙetare iyaka ta Jibiya, ba ya komowa daga Katsina sai da hoton Ƙofar Ƙaura ko hasumiyar Gobarau a aljihunsa. Wanda guzurinsa ya kai shi Kano kuwa, sai ya hau Dala ya ɗauko birnin gaba ɗaya. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna ƙarfafa wannan aiki, kuma suna da hujja. Sai dai akan haɗa ƙofa da dutse a jumla guda kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali a ma'aunin ɗa'a tsakaninsu akwai rata.

Ƙofar birni an gina ta ne don a gan ta, a kuma ga mai shigarta. A dā tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da almuru, a buɗe da asuba, baƙo kuma ba ya wucewa sai an san ko wane ne shi da abin da ya kawo shi. Mutanen ƙasar Maraɗi sun fi kowa sanin haka. Sarautarsu ta bar birnin Katsina ne bayan da masu jihadi suka ci shi a 1807, kuma a zamanin Sarki Ɗan Baskore saboda mahayan Maraɗi ake datse waɗannan ƙofofi. Jikansu da ya tsaya yau a gaban Ƙofar Guga da waya a hannu, a ƙasa yake tsaye, kafaɗa da kafaɗa da jama'a. Yana gani, ana ganinsa. Mai tallar goro tana iya kau da fuska, dattijon da ke zaune a gindin ganuwa yana iya ɗaga masa hannu ya ce a'a. Ƙofa ita ce zauren birni, zaure kuwa wurin sallama ne.

Dutse ba haka yake ba. Wanda ya hau shi yana ganin kowa, babu mai ganinsa, shi ya sa tun fil azal hawansa yake tafe da iko. Tarihin Kano ya nuna Barbushe a kan Dala yake zaune, ba ya saukowa wurin jama'a sai a ranaku ƙididdigaggu. A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya hau wannan dutse ya zana Kano daga sama, zanen da ya zama fuskar birnin ga masu karatu a Turai. A Damagaram ma, da Faransawa suka kama gari a 1899, a kan duwatsun da ke leƙen Birni suka kafa barikinsu. Mai mulki ba ya son a tambaye shi daga ina, so yake ya hango.

To mene ne ake hangowa? Gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan lissafin ido. Katanga ta fi tsawon mai tafiya a ƙasa, zaure da shigifa sun karkace hanya yadda mai tsayuwa a waje ba zai ga ciki ba. Amma tsakar gida a buɗe take ga sama, haka ma makewayi a gidaje da yawa. A can mata suke daka, suke shanya, suke kitso, suke zama ba mayafi, domin maginin ya yi musu alkawarin cewa daga sama babu mai kallo sai shirwa. Malamai sun daɗe da bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin shiga gida, ba saboda ƙafa ba. In haka ne, wanda ya zuƙo tsakar gidan wani da madubin na'urarsa daga ƙololuwar Dala ko Goron Dutse ya shiga gidan nan, ko da takalminsa bai taɓa bakin zaurensa ba. Fensirin Barth bai iya kama fuskar kowa ba. Na'urar yau tana kama har zanen lallen hannu. Ƙananan jirage marasa matuƙi kuma sun gama warware lissafin, don da su kowane gari ya sami dutsensa, har garuruwan bakin gulbi irin su Gabi.

Dokar Faransa, wadda masu karatun boko a Nijar suka fi sani, ta kare rayuwar mutum ta sirri tun 1970, kuma a can akan yi maganar haƙƙin mutum a kan hotonsa. Tunani ne mai kyau, amma ya fi rataya ga fuskar mutum guda. A nan abin da ake karewa shi ne sutura, ta gida sukutum, ko an gane fuska ko ba a gane ba.

Mai musu yana da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Ginin ƙasa ba ya jira. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, ruwa da masu ɗiban ƙasa da masu neman fili sun cinye mafi yawanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Wanda ke son sanin kamanninta na dā, hoto kaɗai zai nuna masa. Tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari ambaliyar 1945 ta tashe shi, aka koma kan tudu, kuma duk malamin tarihin da ya taɓa neman abin nuna wa ɗalibai game da wancan gari ya san ƙishirwar hoto. Mai musun zai ƙara da cewa ba a fahimtar birni sai daga sama: yadda unguwanni suka kewaye kasuwar Kurmi, inda kududdufai suke, inda ganuwa ta bi. Da magabatan masu hoto sun tsaya jin kunya, da yanzu hannunmu wayam.

Wannan hujja ta halatta hawan dutse, ba ta halatta duk abin da ake yi a kansa ba. Tarihi yana bukatar tsarin birni, ba ya bukatar matar da ke tankaɗe a bayan katangarta. Hoton da aka ɗauka da faɗi, gidaje suka zama kamar saƙar tabarma, shaida ce. Wanda aka zuƙo har mutum ya fito, leƙe ne, ko da an lulluɓe shi da sunan adana al'ada. Na'ura ba ta san bambancin ba. Yatsan mai riƙe da ita ne ke yanke hukunci, cikin daƙiƙa guda, a inda babu sarkin ƙofa.

Nan ne nauyin ya faɗo kan malamin da ya jagoranci ɗalibai da ƙungiyar da ke shirya baje kolin hotuna. Hoton ƙofa ana iya gyara shi bayan an ɗauka: a koma wurin dattijon a nemi yardarsa, a tambayi mai unguwa sunan wurin da labarinsa, a rubuta shekara a ƙasa, a aika masa da kwafi. Hoton tsakar gida da aka ɗauka daga dutse ba shi da wannan hanya. Wanda ya ɗauke shi, ko ya sauko da niyyar neman gafara, a cikin dubban zaurukan da ke kewaye da Dala bai san wanne zai tsaya ya yi sallama ba.