Lambar Yabo, Shaidar Me Take Yi?

A ƙasar Rano da Kibiya ba sai an gaya wa kowa darajar jarumi ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, sa'ad da Ningawa suke kawo hari kudancin Kano, wanda ya tsaya a bakin dāga shi ake yi wa kyautar riga da doki, maroƙa su bi shi da kirari. Turawa kuwa tasu al'adar ita ce su ƙera ɗan ƙarfe su maƙala wa mutum a ƙirji, shi ake kira lambar yabo. To, wannan lamba shaidar me take yi? Ta mutumin kirki ce, ko ta jarumi kaɗai?

A dubi labarin wani janar na Jamus, Paul von Lettow-Vorbeck, wanda ya shugabanci sojansu a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Turawansa wajen 3,000 ne, sojansa baƙar fata kuwa wajen 11,000, amma ya shekara huɗu yana wahal da rundunar Ingilishi wadda ta ninka tasa nesa ba kusa ba. Har sojan Nijeriya aka ɗiba cikin jiragen ruwa a ƙarshen 1916 aka kai can, suka yi mummunan karo da shi a Mahiwa cikin watan Oktoba na 1917, aka yi musu ɓarna ƙwarai. Sarkin Jamus ya ba shi Pour le Mérite, watau lambar da hafsoshinsu suka fi ɗaukakawa, ya kuma ɗaga shi zuwa janar. Bai ajiye makami ba sai ran 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an tsai da yaƙi a Turai.

Jarumtakarsa ba a ja da ita. Amma tun farko ya san ba zai ci yaƙin nan ba, nufinsa dai ya ɗaure sojan Ingilishi a Afirka don kada su je su taimaki 'yan'uwansu a Turai. Gwamnansa, Heinrich Schnee, ya so a raba ƙasar da fitina, shi kuwa ya ƙi. Wa ya biya kuɗin wannan dabara? Manoma ne, waɗanda sojan ɓangarorin biyu suka kwashe musu hatsi da dabbobi har yunwa ta faɗa musu. Sai kuma 'yan alaro da aka ɗora wa kaya a ka, yawancinsu kamo su aka yi, suna ratsa daji cikin ruwan sama da cuta. A ɓangaren Ingilishi kaɗai wajen 95,000 suka mutu. Duk wanda ya taɓa ganin rumbunsa wayam da bazara ya san nauyin wannan magana.

Akwai kuma wani namu na nan Arewa wanda labarinsa ya ƙara fito da batun fili, shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yaƙi Ingilishi har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe. Da aka ci Garwa a 1915 ya faɗa hannun Ingilishi. Daga baya ya shiga sojan Nijeriya, ya zama samanja, ya je yaƙin Habasha da na Bama, Ingilishi su ma suka ba shi nasu lambobin. Ya bar aiki a 1953 da girman kyaftin, kuma akwai barikin soja a Lakwaja mai sunansa. Ga abokan gaba biyu, kowa yana cewa shi ke da gaskiya, amma duk sun yaba wa mutum ɗaya. Ashe ba gaskiyar yaƙin suka auna ba, ƙarfin zuciyar sojan suka auna.

Wannan ba rage wa Maigumeri daraja ba ne, domin matsoraci ba ya tsare ƙofar gari. Lamba dai kamar rasit ɗin haraji take: tana shaida an biya, ba ta faɗin ta wace hanya aka samo kuɗin. Sai dai hisabin ƙaramin soja da na janar ba ɗaya ba ne. Soja inda aka tura shi nan ya nufa. Janar kuwa shi ya zaɓi hanyar, shi ya san garuruwan da za a ratsa, saboda haka alhakin rumbunan nan a wuyansa yake, kome yawan ƙarafan da ke ƙirjinsa.

A 1964, shekarar da janar ɗin ya mutu, Gwamnatin Jamus ta Yamma ta aika a biya tsofaffin sojansa albashinsu da ya maƙale. Tsofaffi suka taru a garin Mwanza, yawancinsu ba su da takardar shaida. Sai aka riƙa miƙa wa kowa sandar tsintsiya a madadin bindiga, ana ba da umarnin fareti da Jamusanci, wanda ya yi daidai a biya shi. Ɗan alaro kuwa ba a taɓa koya masa fareti ba.