Hukuncin Ɗalibi Mata-Maza a Makarantar Kwana

Tambaya: Yaro ne ɗan shekara 12, an haife shi da al'aurar da ba a rarrabe ta namiji ce ko ta mace ba. A wane ɓangare makaranta za ta ajiye shi, kuma ya halatta a sallame shi saboda ƙorafin iyayen yara?

Amsa: Wannan shi ne fiƙihu ke kira hunsa, Hausawa kuma mata-maza. Halittar Allah ce, ba aikin da yaron ya zaɓa ba, don haka babu zunubi a kansa. Kuskure ne a cakuɗa mas'alarsa da ra'ayin wasu masanan Turai da Amurka cewa al'umma ce ke ƙirƙirar jinsi. Malaman Musulunci sun san hunsa tun da daɗewa, har ma da hukuncinsa Shehu Halilu ya rufe littafinsa Muhtasar.

Don gane jinsinsa, magabata suna duba mafitar fitsari. Idan ya balaga, a dubi gemu, nono, haila ko maniyyi. Inda alamun suka karkata, can ake riskar da shi. Wanda lamarinsa ya ƙi warwaruwa shi ne hunsa mushkili: a mazhabar Malikiyya yana gadon rabin kason namiji da rabin na mace, sahunsa a sallah kuma tsakanin maza da mata. A yau gwajin jini da hoton ciki suna bayyana abin da ido ba ya gani, kuma a 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta a yi wa irinsa magani ko tiyata don tabbatar da jinsin da ya rinjaya.

Saboda haka a fara da ƙwararren likita, da yardar iyayensa. Kafin sakamako ya fito, a ware masa makwanci da banɗaki, ya ci gaba da shiga aji. Sallamarsa zalunci ne, domin neman ilimi ya hau kansa kamar kowa, kuma ƙorafin mutane ba hujja ba ce.

Abin da ya fi nauyi shi ne sirrinsa. Haramun ne malami ya tona shi, ko a tuɓe shi don kallo, ko a bar yara suna laƙaba masa suna, wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana. Yaron da aka mayar abin dariya yakan tsani karatu har abada, alhakin kuwa yana wuyan babban da ya gani ya yi shiru. Allah ne Mafi sani.