Amanar Kuɗin Fansho



A Bisharar Luka sura ta 16, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin wakilin da maigidansa ya kira domin ya kawo lissafin dukiyar da aka danƙa masa. Wakilin nan bai fasa rumbu ba. Adadin da ke cikin takardun bashi ya sa aka sauya. Irin wannan cin amana ta alƙalami ita ce take cinye kuɗin fanshon tsofaffin ma'aikatanmu.

Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci kowane wata, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba su a asusunsa cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Kuɗin nan ladan guminsa ne da aka ajiye masa domin ranar tsufa. Duk wanda ya riƙe su, ko ya cusa sunayen ƙarya cikin jerin masu karɓa, ya keta doka ta bakwai wadda ta hana sata.

Ba mu manta ba, a 2013 wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa laifin karkatar da biliyoyin naira, ya biya tarar Naira 750,000, ya koma gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaure shi shekara 6. A 2021 kuma aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyaran fansho, ɗaurin shekara 8. Tsofaffi nawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu?

Cikinmu akwai akawu, da ma'aji, da masu binciken kuɗi, waɗanda muke durƙusawa tare a Hadayar Misa. Mu rubuta kowace shiga da fita a ranarta. Mu ajiye rasit. Mu gwada littafinmu da takardar banki kowane wata. Kada mu sa hannu a kan abin da ba mu karanta ba, kada kuma mu ɓoye littafi idan mai bincike ya zo. Wanda ya riga ya ci, furta zunubi kaɗai bai ishe shi ba, sai ya mayar, kamar yadda Zakka ya yi.

Ranar tana zuwa da kowannenmu zai ba da lissafi a gaban Mai Shari'a wanda ba ya karɓar toshiya. Allah ya same mu da aminci, ya kuma share hawayen tsofaffinmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.