Fasali a kan Godiyar Mai Tuba daga Giya

  

Ya ku 'yan'uwa muridai, ga mas'ala: wanda ya tuba daga giya, amma kwaɗayinta bai bar ransa ba, a kan me zai gode?

Ku sani, ni na sha ta. Da aka kafa shari'a a Jigawa a shekarar 2000, aka hana sayar da ita, sai na ce na huta. Ashe an rufe mashaya ne, nafsu tana nan a buɗe. Na ci gaba da neman burkutu a ɓoye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, har na tuba a hannun muƙaddaminmu. Na zaci lazimin safe da yamma zai wanke ni cikin mako guda. Bayan wata uku na koma. Kunya ta hana ni zuwa wazifa, Shaiɗan ya raya mini tubata ƙarya ce.

Muƙaddami ya iske ni gida, ya tunatar da ni abu biyu. Na farko, haramcin giya daki-daki ya sauka: a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida. Wannan ba hujjar jinkiri ba ne, domin hukunci ya riga ya cika, amma yana nuna Mahalicci Ya san nauyin sabo. Na biyu, Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya. Wani ya la'ance shi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida yana son Allah da ManzonSa.

Nan na gane kuskurena: na yanka wa Ubangiji wa'adi, na jingine godiya har sai kwaɗayin ya mutu. Alhali duk yinin da rana ta faɗi ban sha ba ni'ima ce cikakkiya, godiyarta ta wajaba a daren nan.

Ya ɗan'uwa, kada ka tsammaci sauƙi da wuri. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya bari, kwanakin farko makyarkyata da gumi kan kama shi, wani har farfaɗiya. Ya tafi asibiti; neman magani ba ya warware tawakkali. Amanar iyali kuwa a hankali take dawowa. Mai ɗakina ta shekara biyu tana shinshinar numfashina idan na shigo, kuma haƙƙinta ne.

Har yau kwaɗayin yana ziyartata. Ina gode wa Allah bisa yau, ina roƙonSa gobe. Allah Ya tabbatar da dugaduganmu, amin.