Tsuntsun da Kashe Wuta Ya Kusa Hallakarwa

Karatu: Farawa 2:15, Matiyu 10:29-31

A jihar Mishigan da ke arewacin Amurka akwai wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya, mai rawayan ƙirji, wanda ake kira da sunan Kirtland. Girmansa kamar na gwara. Idan sanyi ya shigo sai ya tafi tsibiran Bahamas, ya komo da bazara. Ba ya yin sheƙa sai a ƙasa, cikin yashi, a gindin wani itace mai ganye kamar allura. Itacen ma sai ƙarami, mai shekara 5 zuwa 20.

Ga abin mamaki. 'Ya'yan itacen nan a liƙe suke da ƙaro, sai zafin gobara ya buɗe su kafin iri ya zuba. Mutane kuwa, da kyakkyawar niyya, suka dage wajen kashe kowace gobarar daji. Itatuwa suka tsufa, sababbi ba su tsiro ba, tsuntsun ya rasa gida. Ga kuma wata tsuntsuwa mai zuba ƙwanta a sheƙarsa, ya yi ta ciyar da ɗan wani, nasa na mutuwa. A 1974, haka kuma a 1987, maza 167 kaɗai aka ji suna waƙa.

Allah ya sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Amma yaya za ka kiyaye abin da ba ka tsaya ka fahimta ba? Mutanen nan ba mugaye ba ne. Sun ɗauka sun riga sun sani.

Kada wani ya ce fasto ya ba da izinin cinna wa daji wuta. Namu dajin dabam ne, wutarmu ta farauta ɓarna ce.

Da suka gane kuskurensu, suka shiga sare tsofaffin itatuwa suna dasa sababbi kowace shekara. A 2015 an ƙirga maza fiye da 2,300. A 2019 gwamnati ta cire shi daga jerin masu haɗarin ƙarewa. Duk da haka, ranar da aka daina dashe, gidansa zai sake tsufa.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka san kowace gwara, ka ba masu dashen nan ƙarfi kada su gaji. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi muna tsammanin gyara ne. Cikin sunan Yesu. Amin.